Takalmi Guda, Ƙa'idoji Barkatai: Nazarin Lamarin Wata Masana'anta

## Yadda aiki yake tafiya kafin 2015

Masana'antar da wannan nazari ya bibiya tana ɗinka takalman fata da na yadi, na manya da na yara, amma ba ta da tambarin kanta a kasuwa. Manyan kamfanoni ne ke ba ta oda, ta ɗinka, a manna sunansu, a loda a kwantena zuwa Turai da Amurka da Sin da Japan. Ba ta jima, ba ta saƙa, ba ta rini. Fata daga majemu take zuwa mata, yadin shafi da igiya daga masaƙu, tafin roba daga wani wuri dabam, gam da fenti da man ƙyalli daga dillalan sinadarai. Duk wanda ya taɓa farke tsohon takalmi ya san yawan abin da ke cikinsa: fatar sama, shafin ciki, soso, zare, ƙarfen ramin igiya, tafi, da gam ɗin da ya riƙe su duka. Kowane ɗaya da irin sinadarin da ya sha kafin ya iso teburin yanka.

Duk kamfanin da ya ba da oda yakan haɗo da kundinsa na sinadaran da ya hana ko ya yi wa iyaka, abin da 'yan wannan sana'a ke kira RSL. Matsalar ita ce babu kundi biyu da suka yi daidai, kuma tushen saɓanin yana cikin dokokin ƙasashen da za a kai kayan. Ɗauki rinin azo, wanda wasu nau'o'insa ke sakin sinadaran da ke haddasa ciwon daji. Dokar REACH ta Tarayyar Turai, wadda ta fara aiki a 2007, ta lissafa irin waɗannan sinadarai 22, ta ce kada ɗayansu ya wuce miligiram 30 a kowane kilo na yadi ko fata. Ƙa'idar yadi ta ƙasar Sin, GB 18401, ta lissafa 24, iyakarta kuma miligiram 20. Haka fomaldihaid, wanda ake sa wa yadi don kada ya yamutse. Sin ta kasa shi gida uku: 20 ga kayan jarirai, 75 ga abin da ke taɓa jiki, 300 ga wanda ba ya taɓawa. Japan kuwa, a ƙarƙashin dokarta mai lamba 112 ta 1973, ta tsaya kan 16 ga jarirai. Amurka ta fi sa ido kan dalma a kayan yara tun dokar CPSIA ta 2008, inda iyakar ta zama 90 a fenti, 100 a jikin kayan. Jihar Kalifoniya kuma tana da tata dokar ta 1986 da ke tilasta manna gargaɗi.

A ofishin kula da inganci, kowane mai saye da jakar takardunsa. Idan bandir ɗaya na yadin shafi zai shiga takalman kamfanoni uku, sai a yanko ƙyalle uku daga jikinsa, a aika ɗakin gwaji sau uku, a biya sau uku, a jira sakamako uku. Aikin yana da cin rai da cin kuɗi, amma yana tafiya, don haka babu wanda ya ɗauke shi a matsayin cuta.

## Mayu 2015: kayan da aka ƙi karɓa

Ranar 1 ga Mayu, 2015, wata sabuwar iyaka ta fara aiki a Tarayyar Turai, bisa shawarar da Denmak ta gabatar: duk kayan fatar da ke taɓa jiki kada nau'in ƙarfen kuromiyam da ake kira mai lamba shida ya kai miligiram 3 a kilo a cikinsa. Mafi yawan fatar duniya da gishirin kuromiyam mai lamba uku ake jeme ta, shi ne ke sa ta laushi da jure zafi. Ɗan'uwansa mai lamba shida shi ne mugun, domin yana haddasa ƙaiƙayi da ƙuraje da tsagewar fata, kuma wanda jikinsa ya riga ya kamu da ƙinsa, ɗan kaɗan ya isa ya tayar masa da ciwon duk lokacin da ya sa takalmin.

Ba a daɗe da fara aiki da dokar ba wani mai saye a Turai ya ɗebi samfur daga kayan da suka iso ma'ajiyarsa, ya kai gwaji, sakamako ya nuna sama da 3. Ya dakatar da kayan gaba ɗaya, domin ya san hukumomin Turai suna wallafa sunayen kayan da suka saɓa doka kowane mako a tsarin gargaɗin da a lokacin ake kira RAPEX, kuma takalma da safar hannu na fata suna yawan fitowa a ciki.

Masana'antar ta fito da takardarta: an gwada wannan fata kafin a loda, ba a ga komai ba. Majemar ma ta fito da tata, ita ma fes. Mai saye ya ce shi abin da ɗakin gwajinsa ya gani zai bi. Aka yi ta musayar wasiƙu, kowane ɓangare yana zargin ɗayan da ƙarya ko sakaci, har lokacin sayar da takalman ya wuce, asara ta hau kan masana'antar.

## 2015 zuwa 2016: ƙarin gwaji da takardun rantsuwa

Matakin farko da shugabannin masana'antar suka ɗauka shi ne wanda ya fi saurin zuwa zuciya: a ƙara gwaji. Aka ce duk salon takalmin da aka gama, a ɗauki ƙafa guda a aika ɗakin gwaji kafin loda. Kuɗin gwaji ya ƙaru, jira ya ƙaru, kuma idan sakamako ya fito da matsala, takalman sun riga sun kammalu suna cikin kwali, babu abin da za a iya cirewa daga jikinsu.

Aka kuma bukaci duk mai kawo kaya ya sa hannu kan takardar cewa kayansa sun dace da kundin kowane mai saye. Kowa ya sa hannu. Ƙaramin dillalin gam da aka tura wa kundaye masu shafuka barjat, cikin harshen da ba nasa ba, bai da yadda zai yi ya tantance abin da ya rattaba wa hannu, kuma ya san in ya tsaya tambaya oda za ta koma hannun wani.

Wani abu da ya faru a wannan tsakani ya nuna zurfin ruɗanin. Akwai sinadarai biyu da ake gajarta sunansu da haruffa iri ɗaya, DMF. Na farko, daimetil fumaret, maganin fumfuna ne da ake ƙullawa a 'yan ƙananan jakunkuna a jefa cikin kwalin takalmi ko cikin kujera. Ya ƙona fatar mutane da dama a Turai har aka haramta shi a 2009, iyakarsa miligiram 0.1 kacal a kilo. Na biyu, daimetil fomamaid, ruwan narkarwa ne da ake amfani da shi wajen yin fatar roba, kuma iyakokinsa ana lissafa su ne da ɗaruruwa ko dubbai. Wani mai kawo fatar roba ya aiko da sakamakon gwajin na farko, alhali mai saye na biyun yake tambaya. Jami'in da ya karɓi takardar ya ga haruffa uku sun yi daidai, ya buga hatimi ya ajiye. Sai da mai sayen ya yi nasa gwajin aka gane cewa abin da ake nema ba a ma taɓa auna shi ba.

An kuma sauya majema. Fatar sabuwar majemar ta ci gwaji a gida, ta sake faɗuwa a wurin mai saye.

## 2017: bin mafi tsauri

Daga nan sai ofishin inganci ya kawo shawarar da ta yi kama da mafita: a baje dukkan kundayen, a kowane sinadari a zaɓi lamba mafi ƙanƙanta, a mai da ita doka ɗaya ga kowa. An kwashe watanni ana wannan aiki.

Kundin da ya fito ya kasa tsayawa da ƙafarsa. Lambobin da aka jera gefe da gefe ba abu ɗaya suke aunawa ba. Wani mai saye yana nufin dukkan ƙarfen da ke cikin kaya bayan an narkar da shi da asid, wani kuma yana nufin wanda gumin mutum zai iya tatsowa kawai. Lambar na biyu kullum ta fi ƙanƙanta, amma ɗora ta a kan hanyar gwajin na farko ya sa kayan da ba su da laifi suka riƙa faɗuwa. Wasu kundayen kuma ba su ba da lamba ba, sun ce kawai kada a gano sinadarin, alhali abin da ake iya ganowa ya dogara ne da ƙarfin na'urar ɗakin gwajin da aka je. Sannan an ɗora iyakar jarirai kan takalman aiki na manya, masu kawo yadi nagari suka ce ba za su iya ba sai da ƙarin farashi, wasu suka janye.

Ga kuma tsufa. Hukumar sinadarai ta Turai da ke Helsinki tana ƙara sunaye a jerin sinadaran da ake tsananin damuwa da su kusan sau biyu a shekara, masu saye suna sabunta kundayensu a lokuta dabam-dabam, kuma babu wanda aka ɗora wa alhakin bin diddigin wannan a masana'antar. Kafin shekara ta zagayo kundin gidan ya zama tsohon zance.

## 2018 zuwa 2019: komawa majema da ma'ajiyar sinadarai

Abin da ya buɗe hanya shi ne wani gwaji da ɗaya daga cikin masu saye ya nema. A 2018 aka fitar da ƙa'idar ISO 10195, wadda ke bayanin yadda za a tsufar da fata da gangan kafin a auna ta. Hanyar da aka fi bi ita ce a sa samfur a tanda mai zafin digiri 80 na tsawon awa 24 cikin busasshiyar iska, sannan a gwada. Aka yanko fata daga bandir guda, aka raba biyu, rabi aka gwada kai tsaye, rabi aka bi da shi ta tanda. A gwajin launi na ISO 17075, ana ɗiga wani sinadari a ruwan da aka jiƙa fatar. In akwai kuromiyam mai lamba shida, ruwan yakan juya zuwa ja mai ratsin shuni. Kwalbar farko ta tsaya yadda take. Ta biyun ta rine.

Nan aka fahimci rigimar 2015. Babu wanda ya zuba mugun kuromiyam a fatar, a cikinta yake haifuwa. Zafi, hasken rana, bushewar iska, ƙarancin tsami a jikin fata, da man laushi mai saurin lalacewa, su ne ke juya mai lamba uku zuwa mai lamba shida. Takalmi kuwa yana shan zafi tun a masana'anta, lokacin da ake gasa shi a kan ƙafar katako don ya ɗauki siffa, sannan ya yi makonni a cikin kwantenar ƙarfe a kan teku. Takardar majema gaskiya ta faɗa, takardar mai saye ma gaskiya ta faɗa. Ranaku dabam suka auna. Ƙari a kan haka, miligiram 3 ɗin nan shi ne daidai gwargwadon abin da hanyar gwajin ke iya aunawa da tabbaci, don haka a kusa da iyakar ɗakunan gwaji biyu na iya saɓawa, musamman a fata mai duhun rini, inda launin rinin ke iya rikita karatun.

Ma'aikatan inganci suka tafi majemar da kansu, suka zauna da masu haɗa sinadarai a gaban gangunan jima. Gyaran da aka yi ba mai tsada ba ne. Aka daina amfani da amoniya kafin rini, aka sauya man laushi zuwa wanda ba ya saurin lalacewa, aka tabbatar an wanke kitsen fata sosai, aka riƙa kammala aiki da ma'aunin tsami na pH tsakanin 3.5 da 4, aka kuma ƙara ɗan sinadarin jima na itace a zagaye na biyu, irin na tara da ake samu daga Peru, dangin abin da ke cikin bagaruwa, domin yana hana juyawar. Daga nan kowane rukunin fata sai ya bi ta tanda kafin a karɓe shi.

Wannan nasara ce ta sa shugabannin suka yarda a sake duba batun kundaye daga tushe. Maimakon ƙirƙirar nasu, sai suka ɗauki wanda ƙungiyar AFIRM ke fitarwa. Ƙungiya ce ta manyan kamfanonin tufafi da takalma da aka kafa a 2004, kuma da dama daga cikin masu sayen masana'antar mambobinta ne. Kundinta yana haɗa abubuwa uku a layi guda: iyaka, hanyar gwaji, da mafi ƙanƙantar abin da ɗakin gwaji zai bayar da rahotonsa. Iyakokinsa, da miligiram a kilo: rinin azo 20, fomaldihaid 75 ga manya da yara, 16 ga jarirai, kuromiyam mai lamba shida 3. Ana sabunta shi duk shekara, ana samunsa kyauta, kuma ana fassara shi zuwa harsuna da dama, ciki har da na Sin da Biyetnam da Sifen, abin da ya sa dillalin gam ya iya karanta abin da yake sa wa hannu. Aka rubuta wa kowane mai saye ana tambaya ko zai karɓi sakamakon da aka yi bisa wannan kundi. Yawancinsu suka amsa. Waɗanda ke da ƙarin sharaɗi aka tattara nasu a 'yar gajeriyar takarda ta daban.

Tsarin gwaji ma ya juya. Aka koma gwada kaya tun suna bandir, sau ɗaya, a ɗakin gwajin da ke da shaidar ƙwarewa ta ISO 17025, kuma ana neman abin da ake tsammani ne a kowane irin kaya: kuromiyam a fata, sinadaran tausasa roba a leda da tambarin da aka buga, nikel a ƙarfen da ke taɓa jiki, rinin azo a yadi mai launi.

Saura abu guda da kundin kayan da aka gama ba ya gani. A 2011 ƙungiyar Greenpeace ta auna ruwan da ke fita daga wasu masana'antun yadi a Sin ta sami sinadarai masu haɗari, daga cikinsu har da dangin NPE, wanda ake sawa a sabulun wankin yadi da na cire kitsen fata, kuma idan ya shiga kogi yana rikita haihuwar kifaye. Yadi na iya cin gwaji lafiya lau alhali dafin ya riga ya bi magudana. A wannan shekarar ne kamfanoni shida, adidas da C&A da H&M da Li Ning da Nike da Puma, suka fara shirin ZDHC, wanda a 2014 ya fitar da MRSL, wato jerin sinadaran da aka hana amfani da su tun a wurin aiki. Masana'antar ta ɗauki wannan ma.

Ranar da aka shiga ƙidayar ma'ajiyar sinadarai, an tarar da ganguna da lakabinsu ya goge, da jarkokin da aka juye wani abu a cikinsu aka rubuta suna da alli, da wani ruwan goge gam da ma'aikata ke tsoma tsumma a ciki da hannu, babu wanda ya san abin da ya ƙunsa. Mai kula da ma'ajiyar, dattijo ne da ya daɗe a wurin, yana gane yawancinsu da wari. Aka zauna da shi aka rubuta komai, aka nemi takardar bayanin haɗari ta kowane ɗaya daga dillalinsa, wanda ba a samu tasa ba aka fitar da shi. Daga ranar, ba a sayen sinadarin da ba shi da shaidar dacewa da MRSL, kuma an ɗora wa majemu da masaƙu wannan sharaɗi.

## Nuwamba 2020 da Fabrairu 2021: sabbin dokoki biyu

Ranar 1 ga Nuwamba, 2020, Tarayyar Turai ta fara aiki da iyakoki kan sinadarai 33 a tufafi da takalma, ciki har da fomaldihaid a kan 75 da daimetil fomamaid a kan 3,000. Ranar 3 ga Fabrairu, 2021, aka ƙara da iyakar NPE, miligiram 100 a kilo, ga yadin da ake wankewa. Masana'antar ba ta sauya komai ba a ranakun biyu, domin kundin da take bi ya riga ya shigar da waɗannan iyakoki ko waɗanda suka fi su tsauri, kuma an daina sayen sabulu mai NPE tun lokacin ƙidayar. Matsalar kuromiyam ta sake ɗagowa sau ɗaya, daga wata majemar da aka ɗauka cikin gaggawa, amma tanda ta kama ta tun fatar tana bandir, aka mayar.

## 2025: inda aka tsaya

Sinadaran PFAS, waɗanda ake shafa wa takalmi don ruwa ya zame, sun dawo da wani ɓangare na tsohon ruɗani. Kalifoniya ta hana su a kayan yadi daga 1 ga Janairu, 2025, tana auna jimillar fulorin, sinadarin da ke cikin kowane PFAS, iyakar miligiram 100 a kilo daga 2025, 50 daga 2027. Faransa ta zartar da tata dokar a 2025, mai fara aiki a 2026. Tarayyar Turai tana bin su ne rukuni-rukuni, kowane da iyakarsa da ranarsa. Masana'antar ta koma maganin hana ruwa marar fulorin ga kowane mai saye, duk da cewa bai kai tsohon korar maiƙo ba, kuma takardar ƙarin sharuɗɗa ta sake tsawo.

## Hukunci

A ganina matakan 2015 da 2016 sun gaza ne saboda an tsaya a bakin ƙofar fita ana tare abin da aka riga aka ƙulla a majema da masaƙa. Na 2017 ya gaza saboda an ɗauka lamba ita ce ƙa'ida, alhali lamba ba ta da ma'ana sai an faɗi yadda aka auna ta, a kan wane kaya, kuma a wane lokaci na rayuwarsa. Abin da ya yi aiki shi ne masana'anta da majema da ɗakin gwaji da mai saye suka koma karanta takarda ɗaya, wadda wasu ke ɗauke da nauyin sabunta ta, sannan aka mayar da tsaron can baya, wurin gangar da ake buɗewa.

Ina ganin akwai abin da ya kamata a faɗa a fili game da nauyin. Kamfanonin da ke rubuta kundaye su ne masu ƙarfi, amma kuɗin gwaji da asarar kayan da suka faɗi a kan mai ɗinki da majemi suke sauka, kuma duk kundin da ya bambanta da sauran ba tare da dalilin lafiya ba, ƙarin kaya ne a kan wanda ya fi rauni. Haɗin da aka samu na kamfanoni ne, bisa ra'ayin kansu. Dokokin ƙasashe har yanzu kowace da tata hanyar, shi ya sa PFAS ta iya sake raba kan takardun. Ribar da ta fi daɗa mini rai a wannan lamari ba ta cikin lissafin kwantena. Ma'aikatan layin gam sun daina tsoma hannu a ruwan da ba a san sunansa ba, kuma kowace ganga a ma'ajiyar yanzu tana da lakabi da takardarta a rataye a gefenta.